Robar da Ta Dawo Gida

Yayata ba ta iya yafiya ba. Gara in faɗa muku tun yanzu, kada wani ya zauna jiran inda za a rungume juna a ce komai ya wuce. Ta iya ɗinkin matashi, ta iya farke tsohuwar katifa ta sake mata auduga har ka rantse sabuwa ce, amma yafiya dai ba a koya mata ba. Ni da ake ce wa Barkono a gidanmu, hayaniya ce kawai da ni. In zage ka da safe, da yamma in aiko maka da abinci. Ita ko murya ba ta ɗagawa, ajiyewa take yi.

Mai Basilla ake kiranta a unguwa. Shagonta ɗan tsukuku ne a bakin layi, keken ɗinki ɗaya, buhunan auduga har rufi, in ka shiga sai ka fito da furfurar da ba taka ba. Basillar kuwa, wannan doguwar allurar ɗinkin katifa, kullum tana soke a bakin ɗankwalinta. Mutane na zaton saboda sana'a aka sa mata sunan. Ba haka ba ne, kuma abin da zan ba ku labari ke nan.

Lokacin da ta haifi 'yarta, wadda muke kira Gimbiya, a gidan haya suke, irin mai ɗakuna jere da banɗaki ɗaya. Wanda ya taɓa zama a irin gidan nan ya san yadda sabulu ke yin ƙafa. Ka ajiye bokiti ka shiga ɗaki, kafin ka fito ya zama na maƙwabciya, har da rantsuwa. Yaya ba ta rigima, sai ta samo dabara. Takan sa bakin basilla a wuta ya yi ja, ta yi wa kowane kayanta na roba 'yar alama a ƙasa, kamar sawun kaza. Bokiti, kofi, abin sabulu, robar man shafawa, babu wanda ya tsira. Har tsokanarta nake yi, in ce saura mijin, a juya shi a ɗana masa.

Akwai kuma mai robobi, wani mutum da ke zagayawa da baro yana karɓar robobin da aka gama da su, ya ba ka mataji ko kofi a madadi. Ya fi son masu murfi, waɗanda takardar jikinsu ba ta yage ba, musamman na man jarirai. Mu duk zatonmu narkarwa ake yi. Babu wadda ta taɓa tambayar kanta me mai narka roba zai yi da takarda mai kyau.

Sai na uku, Dokta. Ba likita ba ne, wallahi ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa gani ba. Kanti ne da shi na kayan jarirai da kayan shafa, da farar riga da yake ratayawa a kafaɗa, da tabarau da yake saukewa kan hanci in zai yi ƙarya. Gidansa na manne da bayan kantin. Duk macen da ta haihu a layinmu, a wurinsa take sayen mai da hoda da sabulu.

Gimbiya ko zama ba ta fara ba lokacin. Baƙa ce sitik kamar uwarta, fata sumul, in an yi mata wanka har sheƙi take yi. Man da ake shafa mata ya ƙare, Yaya ta ba mai robobi robar, ta ci gaba da lallaɓawa da ɗan wani da aka kawo mata kyauta. Da shi ma ya ƙare ta je wurin Dokta ta sayo irin na farkon, mai hoton jariri yana dariya, murfinsa naɗe da leda. Ta ce ƙamshin ya ɗan fi na da ƙarfi, amma wa ke zargin abu a rufe?

Kafin mako ya zagayo wuyan yarinyar ya yi ja, sannan ya tashi, sannan ya saɓule. Daga ƙarƙashin kunne har kumatun hagu. Kukan da yarinyar nan ta yi, har yau yana cikin kunnena. A asibiti wata nas ta shinshina man, ta murza a yatsa, ta ɓata fuska. Ta ce wannan ba man jarirai ba ne, haɗi ne, akwai maganin sa fata haske a ciki da turare mai ƙarfi, da Allah kaɗai ya san me.

A kan bencin asibitin Yaya ta juya robar tana kallo, kamar yadda mutum ke juya abu in hankalinsa ba ya jikinsa. Sai na ga ta daskare. A ƙasan robar ga sawun kaza. Robarta ce, wadda ta ba mai robobi da hannunta. An cika ta da ƙazanta, an naɗe murfin, an sayar mata da abarta.

Nan ne Yaya ta yi kuskuren da ya ci mata shekaru. Ta ɗauka ta kama ɓarawo da hannu a cikin jaka. Ta ɗebi mijinta da uwar mijinta, wadda muke ce wa Iya, da ni, muka yi wa kantin tsinke. Mutane suka taru. Ta ɗaga robar ta nuna alamar, ta ce kowa a gidan hayarsu ya san hannunta ne.

Dokta ya sauke tabarau kan hanci. Ya karɓi robar, ya juya, ya yi wani ɗan murmushi na tausayi da har gobe nake son in mare shi a kansa.

"To ai kin gama magana, baiwar Allah," in ji shi. "Robarki ce, ga alamarki. Ni kayan kamfani nake sayarwa, a rufe. Abin da aka zuba a robar da ke ɗakinki, ni ina zan sani?" Ya juya wurin Iya, ya sassauta murya. "Iya, kullum ina yi wa matan nan faɗa. Su haifi yaro baƙi, sai su dinga haɗe-haɗe wai ya yi haske. Ga irinta nan."

Na yi tsalle zan shaƙe shi, aka rirriƙe ni. Ina zagi, ina kiran uwarsa da ubansa, kuma duk zagin da na yi ƙara masa gaskiya yake a idon mutane. Yaya kuwa ta juya. Ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi ƙasa.

Iya ba muguwa ba ce, amma bakinta ba shi da murfi. Kuma ta yarda da Dokta kamar shi ya yi mata aski. Kafin a sallamo yarinyar daga asibiti, babu gidan da maganar ba ta shiga ba: matar ɗanta ta ƙona jikarta don tana ƙyamar baƙar fata. Mijin bai taɓa cewa ya yarda ba, bai kuma taɓa cewa bai yarda ba. Abin da ya yi kawai, daga ranar shi ke sayo duk abin da zai taɓa jikin yarinyar, ya miƙa wa uwarsa ta duba. Ni da ya sake ta ma da ya fi mini sauƙi, aƙalla in san wanda zan tsine wa.

Ciwo ya warke, tabo ya zauna. Wani fari-fari mai tattarewa, daga kunne zuwa kumatu.

Ranar da suka dawo gida mai robobi ya shigo layi da baronsa yana kira. Yaya ta fito da duk robobin da ke ɗakinta, ta jera a ƙofa, ta zaro basilla daga ɗankwali. Tana kallon idonsa ta dinga huda su ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa, a gefe, a murfi. Ta tura masa da ƙafa, ta ce, "Ga su. Ai narkarwa kuke yi, ko?" Bai ɗauka ba. Ya tura baronsa ya yi gaba.

Daga nan aka fara. Aikinta na kai ta gidajen mutane, ta kai matashi, ta auna taga, ta ɗauko katifa. Duk gidan da ta shiga sai ta ce a ba ta ruwa, kafin a kawo ta leƙa bayan ƙofa da kwandon shara. Robar mai, robar hoda, robar sabulun ruwa, in dai ta ƙare, sai ka ji ɓus. Ba ta neman izini. Wata rana ta huda ta matar mai gidan haya alhali da sauran mai kusan rabi, aka yi ta tashin hankali har sai da ta ɗinka mata matashi kyauta. Ni kaina ta huda mini wata kyakkyawar roba da nake ajiyar maɓallai. Na ce, "Yaya, don Allah wannan maɓalli ne a ciki!" Ta ce, "In kin mutu fa? Wa ya san hannun da za ta faɗa?"

Masu jego kuwa ta zame musu ƙarfen ƙafa. Ta koma wurin nas ɗin nan ta yi ta tambaya har matar ta gaji da ita, ta zo tana juye wa kowa. In ta ga mace da goyo sai ta tsayar da ita a titi. "Me kike shafa masa? Kawo in gani. In ƙamshin mai ya riga yaro shigowa ɗaki, ajiye shi. Duk wanda aka rubuta yana sa haske, shara. Sabon abu ki fara ɗiga masa a ɗan wuri a ƙafa, ki bari ya kwana ki gani. Hodar nan da kike bulbula masa har tana tashi, a hancinsa take sauka. Jariri ba amarya ba ne, ruwa da sabulu marar ƙamshi da mai zalla sun ishe shi. Ki saya inda in abu ya ɓaci za ki iya kama wani. In ya ƙare kuma ki huda."

Wasu na ji, wasu na yin gaba suna taɓe baki, suna cewa wadda ta ƙona tata ce za ta koya mana. Tana jin su. Amma a hankali robobi masu rai suka yi wuya a unguwarmu. Mai robobi ya daina shigowa layinmu, sai dai mu hango shi ya dawo daga nesa, ya zagaya ta ƙofar bayan kantin Dokta. Dokta ya rage fara'a, amma kanti na nan, farar riga na nan. Na sha ce wa Yaya mu je mu fasa ƙofar bayan nan kowa ya gani. Sai ta ce, "Na taɓa zuwa da hujja a hannu, kin ga yadda aka yi. Wannan karon da bakinsa zai faɗa."

Ina ganin da haka za a yi ta tafiya har tsufa, ba don Gimbiya ta shiga makaranta ba. Yara ba su da linzami, abin da suka ji a gida shi suke kawowa. Wata rana da yamma ina shagon ina taya Yaya cusa auduga, yarinyar ta dawo, ta ajiye jaka, ta tsaya jikin keken ɗinki tana murza gefen rigarta. Ta ce, "Mama, wai da gaske ne ba kya son kalata?"

Yaya ta tsayar da keke. "Wa ya ce?"

"Kowa ma. Wai ke kika shafa mini abu don in yi fari. Na tambayi Kaka, ta ce in bar maganar, kin riga kin tuba."

"Ƙarya ne," in ji Yaya.

Yarinyar ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yaro ke yi don kada ran babba ya ɓaci. Ta ɗauki jakarta ta shige. Wallahi da ta yi kuka da ya fi. Na dubi Yaya, na ga ta koma kan keke tana ɗinki a karkace, abin da ban taɓa gani ba. Daga ranar yarinyar ta daina yarda uwarta ta shafa mata mai bayan wanka. Sai ta ce ta iya da kanta.

Ba a daɗe ba 'yar Dokta, ita kaɗai gare shi, ta haihu, ta dawo gidan uban don a kula da ita. Namiji ne, jikansa na fari. Mutumin nan har rawa yake a kanti. Ni ce na lura da wani abu na kai wa Yaya a matsayin gulma: na gan shi ya sauko daga mota da leda ta babban kantin magani na cikin gari, cike da kayan jarirai. Mai kantin kayan jarirai guda, ya tafi wani wuri sayen man jikansa! Na faɗa ina dariya. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta soke basilla a ɗankwali ta ce in je in yi wanka, za mu ganin jariri.

Ta ɗinka wani ɗan matashi mai laushi. Ta sa wa Gimbiya rigarta mai kyau. Sannan ta bi ta wurin Iya, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Iya, gaba ta ishe ni. Ina so ki raka ni in yi wa Dokta barka, a wuce wurin." Tsohuwa ta yi ta sa mata albarka har da ƙwalla, tana cewa dama ta san wata rana za ta gane kuskurenta. Na ciji leɓe har na ji gishiri.

A ƙofar kanti Yaya ta tsaya. Dokta na cikin gida, matarsa ce ke tsaron kanti, kuma ita ba ta san komai a harkar ba sai karɓa da miƙawa. Yaya ta ce, "Iya, ba a shiga hannu rabbana. Ki sayo mana man jarirai, mai hoton nan. Ke za ki zaɓa, ke za ki riƙe, ni ba zan taɓa ba." Iya ta sayo, ta rungume ledar a ƙirji. Matar Dokta ta ja ƙofar kanti ta yi mana jagora.

Ɗakin cike yake da mata, 'yan uwa da maƙwabta, ga mai jego a bakin gado, an gama yi wa yaro wanka ke nan yana naɗe a tawul. Da aka ga Mai Basilla sai hira ta mutu. Ta gaida kowa, ta miƙa matashi, ta ce a kira mai gida ta yi masa barka ido da ido. Ya shigo yana gyara tabarau, yana washe baki, yana "Ai komai ya wuce, komai ya wuce."

"Ya wuce," in ji Yaya. "Iya, buɗe mana. Kowa ya ga daga kanti yake, yanzun nan, a rufe."

Iya ta yage ledar murfin da haƙori. Ƙamshin ya cika ɗakin, kuma na rantse shi ne, wannan ƙamshin na bencin asibiti. Yaya ta tara hannu, Iya ta matsa mata. Ta matsa kusa da gado, ta ce wa mai jego, "Buɗe mini wuyansa, 'yata. Daga wuya ake farawa."

Mai jegon ta buɗe tawul, ba ta san komai ba. Ga wuyan jariri, ja-ja, mai laushi, yana motsi. Na san yayata, na san abin da ta haɗiya, kuma a lokacin nan ban san inda za ta tsaya ba. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta sunkuya. Ta miƙa hannu.

"Kada ki taɓa shi!"

Dokta ne. Ya yi tsalle ya bangaje ta har ta bugu da bango, ya fizge robar daga hannun Iya ya yi jifa da ita waje. Tabarau ya faɗi. Yana haki yana cewa, "Ba na yara ba ne! Wa ya ce ku ɗauko na kanti? Ba na yara ba ne!"

Jariri ya fashe da kuka.

Yaya ta miƙe, ta gyara ɗankwali. A hankali ta ce, "Ba na yara ba? Ga hoton jariri a jiki, Dokta. Kayan kamfani ne, a rufe. Ko dai ba na yaranku ba ne, na namu ne?"

'Yarsa ce ta ƙanƙame ɗanta ta ja da baya, tana kallon uban kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce, "Baba, me ke ciki?" Ya sunkuya yana laluben tabarau a ƙasa. Ni kuwa murya ta dawo mini, kuma Allah ya sani ban rage komai ba. Matan da ke ɗakin, rabinsu da man kantin nan suke shafa wa 'ya'yansu. Su suka tura ƙofar ɗakin baya da kansu. Ga duro, ga mazurari, ga tulin robobi an wanke an kife, ga na'urar busar gashi da yake ɗame ledar murfi da ita. Hukuma ta zo daga baya ta rufe kantin, amma wannan bai dame ni ba, ni kallon da 'yarsa ta yi masa ya biya ni.

Iya ta zube a tsakar gidan tana kuka, ta kama ƙafar Yaya, tana "Ki yafe mini, 'yar nan." Yaya ta janye ƙafarta. Ta ce, "Iya, ba a ɗaki kika faɗa ba. Gida-gida kika kai, gida-gida za ki bi ki karɓo. Ki fara da ɗanki." Kuma daga baya Iya ta bi, ni na raka ta, ban bar ta ta tsallake ko ƙofa ɗaya ba.

A ranar dai, a hanyar komawa daga gidan Dokta, na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, da ya yi shiru fa?"

Ta ɗago hannun hagu, a dunƙule, man na tsiyaya ta tsakanin yatsu. "A wannan aka zuba," in ji ta. "Hannun dama na miƙa." Ni dai ban lura ba a lokacin, idona na kan wuyan yaron. Na zaɓi in yarda da ita.

Duk wannan abin Gimbiya na nan, tana biye da mu tana taɓa kumatunta. Da muka kai famfon bakin layi sai ta sha gaban uwarta ta tsaya. Ta kama hannun nan na hagu da hannayenta biyu, ta ja shi ƙarƙashin famfo, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, tsaya in wanke miki," in ji ta. "Kada ya ƙona ki."

Yaya ba ta yi kuka a asibiti ba, ba ta yi a kantin Dokta ba, ba ta yi ranar da mijinta ya dubi ƙasa ba. A bakin famfon nan ta durƙusa, mutane na wucewa, ta yi irin kukan da ban san tana da shi ba. Yarinyar na ta cuɗa mata tafin hannu, tana cewa ta yi shiru, ya kusa fita.

Washegari da safe na je shagon na tarar ba a buɗe ba. Na leƙa gida. Gimbiya na zaune a kan tabarma da ɗaurin tawul, ta ɗaga haɓa sama, uwarta na shafa mata mai a wuya.